Garin furotin ko tiyar wake: muhawarar masu ɗaga ƙarfe a Damagaram

Ɗalibi daga Sabon Gari:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawara a kan garin furotin da ake sayarwa a gwangwani domin gina tsoka. Ina karatu a Jami'ar André Salifou, nauyina kilo 62, kuma tun bayan damina nake ɗaga ƙarfe da yamma tare da abokaina. Ƙarfina ya ƙaru, amma jikina bai cika yadda nake so ba, kuma kowa a wurin yana ce mini abin da ya rage shi ne in sayi gari. Iri uku na gani wajen mai sayarwa: ɗaya an rubuta whey a jikinsa, ɗaya an rubuta mass gainer, wanda ya fi girma kuma ya fi araha, sai wani ƙarami da ake kira kiriyatin. Akwai kuma wanda ake aunawa a leda ba tare da wata takarda ba, wanda mai sayarwar ya ce shi ya fi saurin aiki. Kuɗin da ke hannuna na guda ɗaya ne kawai. Wanne ya kamata in ɗauka?

Mai horar da matasa a Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na leda dai ka cire shi daga lissafi tun yanzu, domin abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba bai kamata ya shiga cikinka ba. A cikin sauran ukun, ni na farkon nake ba yarana shawara su saya. Ba wani magani ba ne, daga madarar shanu ake fitar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda Buzaye da Fulani suke yin cuku ya san cewa idan madara ta tsinke, ɓangare ɗaya yana daskarewa, ruwa mai ɗan kore-kore kuma yana tsiyayewa gefe. Wannan ruwan ne masana'antu suke tacewa, su busar da shi ya zama gari. Kashi 80 cikin 100 na furotin ɗin madara yana tafiya da abin da ya daskare, kashi 20 kuma yana cikin ruwan, kuma shi ne jiki ya fi saurin narkarwa. Ludayi ɗaya na giram 30 yana ba ka furotin wajen giram 24, ka kaɗa a ruwa ka shanye cikin minti guda. Ban san wani abinci da zai ba ka wannan cikin irin wannan sauƙi ba.

Malama mai aikin abinci mai gina jiki:
Malam mai horarwa ya faɗi gaskiya game da asalin garin, amma ni ina ganin an tsallake tambaya ta farko, wato nawa ne jikin wannan yaro yake buƙata, kuma nawa yake samu daga abin da yake ci yanzu. Baligin da ba ya wani motsa jiki na musamman yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar ninkin haka. A shekarar 2018 an wallafa wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 49 da aka yi a kan mutane sama da 1,800, aka ga cewa amfanin ƙarin furotin yana tsayawa ne a wajen giram 1.6 ga kowane kilo, abin da ya wuce haka ba ya ƙara tsoka ga yawancin mutane. A wannan nazarin kuma, abin da ƙarin furotin ya ƙara wa masu atisaye a kan waɗanda ba su sha ba bai wuce kusan giram 300 na naman jiki ba. Mafi yawan aikin ƙarfen ne yake yi.

To ɗana, kilo 62 sau 1.6 ya ba ka kusan giram 100 a yini. Bari mu ƙirga da abincin gida. Ƙwai uku giram 18 ne. Rabin litar nono mai kyau, wanda ba a tsinka shi da ruwa ba, giram 16 ne. Busasshen wake giram 100, wanda idan aka dafa zai cika kwano madaidaici, giram 23 ne. Gero yana da kusan giram 11 a cikin kowane giram 100, saboda haka wanda ya ci giram 300 tsakanin fura da tuwo ya samu sama da giram 30. Tafin hannu na gyaɗa ya ƙara giram 7 ko 8. Ka tara, za ka ga ka kai 95 ba ka taɓa nama ba, ba ka ci awara ba, ba ka sa ƙuli-ƙuli a cikin zogale ba. Abin da nake gani ga ɗalibai shi ne ba sa cin wannan ɗin. Shayi da burodi da safe, garin rogo da rana, taliya da manja da dare, sannan a ce jiki ya ƙi girma.

Tsohon ɗan kokowa daga Mirya:
Malama, Allah ya yi miki albarka. Mu da muka shiga fili a zamaninmu ba mu san gwangwani ba. Idan lokacin kokowa ya matso, fura da nono ake dama mana a ƙwarya, a ci wake, a ci nama idan maigida ya yanka, a yi barci da wuri. Filin kokowa na garin nan da ake kira da sunan ɗan kokowa Langa-Langa ba don gari aka sa masa sunan ba. Yaran yanzu suna so su kwana a fada suna shan shayi har tsakar dare, sannan su sayi ƙarfi a kanti.

Mai horar da matasa a Zango:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba na jayayya da ku a kan barci, domin duk yaron da yake kwana a fada ina ganin haka a hannunsa washegari. Amma ku a lokacinku akwai maigida da yake ciyar da ɗan kokowa, akwai shanu a gida, kuma nonon da kuke sha ba na kasuwa ba ne. Yaron da yake haya da abokansa huɗu a ɗaki ɗaya, yana aji tun safe, ba shi da wanda zai dafa masa wake na awa biyu a kan gawayi. Lissafin Malama daidai yake a takarda, sai dai cinye wannan abincin kullum aiki ne, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40, mutum ko sha'awar abinci ba ya yi. A nan ne garin yake da amfani: yana cike giɓin giram 25 ko 30 da aka kasa samu. Ban taɓa cewa ya maye gurbin tuwo ba.

Malama mai aikin abinci mai gina jiki:
Idan dai cike giɓi ne, to mun haɗu. Amma a duba kuɗin da ake biya domin cike shi. Gwangwani mai giram 900 yana da ludayi 30, kowane ludayi giram 24, jimilla furotin giram 720 ke nan. Wannan daidai yake da ƙwai 120, wato kiret huɗu, ko busasshen wake kilo uku da ɗan kai, wanda bai fi tiya ɗaya da kaɗan ba, ko madarar gari ta shayi kusan kilo uku. Kowa ya san kuɗin tiyar wake a Kasuwar Dole, kowa kuma zai iya tambayar kuɗin gwangwanin, sai ya gwada. Gaskiya ne furotin ɗin wake bai kai na madara inganci ba, domin yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira metiyonin, shi kuma gero yana da ƙarancin lisin. Amma abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi, shi ya sa wanda ya ci wake da hatsi a yini guda ya samu cikakke, ko da ba a kwano ɗaya ya ci su ba. Maganar dahuwa kuma, mai ƙosai da mai awara da mai dafaffen ƙwai suna kowace unguwa.

Shi kuwa babban gwangwanin da aka ce ya fi araha, ɗana, juya bayansa ka karanta. A irin waɗannan, awo ɗaya yakan haura giram 300, a ciki furotin giram 50 ne kawai, sauran kusan duka sitaci ne da aka sarrafa da sukari. Wato furotin ɗinsa bai wuce kashi 15 ko 16 cikin 100 ba, ƙasa da na busasshen wake. Mutumin da ke garin da ake noma gero bai kamata ya biya kuɗin jirgi da na kwastan domin a kawo masa sitaci daga Turai ba. Idan ƙarin abinci kake so domin nauyi ya hau, a dama maka fura da nono, ka zuba cokali biyu na madarar gari da tunkuza ko man gyaɗa da aka niƙa, ka haɗa da dabino.

Ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Kano:
Ni dai sana'ata ce ake magana a kai, saboda haka bari in sa baki. Ba duk mai sayarwa ne macuci ba. Kayan da nake kawowa a rufe suke, da kwanan wata, kuma wasu suna ɗauke da lambar NAFDAC ta Najeriya. Masu saye suna dawowa su ce sun ga canji, wani cikin sati biyu ya ƙara kilo uku. Idan ba ya aiki, me zai dawo da su? Wanda ake aunawa a leda kuma, wasu ƴan kasuwa suna buɗe babban buhu ne su rarraba domin talaka ya iya saye da jika ɗaya ko biyu, kamar yadda ake yi da madara da sukari.

Mai kantin magani a Birni:
Alhaji, ba na zargin amanarka, amma maganar kilo uku cikin sati biyu ita ce ta sa dole in yi dogon bayani. Babu mutumin da yake gina tsoka kilo uku cikin sati biyu. Sabon shiga da yake atisaye sosai, yana ci yana barci, idan ya samu rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata ya yi ƙoƙari, kuma wannan saurin yana raguwa bayan shekarar farko. Abin da ya hau da sauri haka ruwa ne ko kitse, kuma idan garin leda ne ya jawo shi, to abin da nake tsoro shi ne an niƙa magani a ciki.

Magunguna biyu ne aka fi yin wannan aika-aikar da su. Na farko desametazon, wanda likitoci suke bayarwa domin kumburi da asma da makamantansu. Yana buɗe ciki, yana tara ruwa da gishiri a jiki, fuska ta yi zagaye ta yi sheƙi, ciki ya fito, mutane su fara ce wa mutum ya yi kyau. Amma a ƙarƙashin wannan cikar, maganin cinye tsoka yake yi, shi ya sa za ka ga mai shansa da babban ciki da siraran cinyoyi. Yana haura sukarin jini da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a so ya daina farat ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali, domin dainawa kwatsam tana iya kai mutum ga halaka. Na biyu sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura da yake sa yunwa da barci. Irin waɗannan ne mutane suke kira sha ka fashe. Wani matashi ya taɓa shigowa kantina yana neman maganin ƙuraje, da na kalli fuskarsa da jajayen layukan da suka tsage a gefen cikinsa da hammatarsa sai na tambaye shi abin da yake sha, ya fito da wata leda daga aljihu mai farin gari da ƙamshin fanila, babu suna, babu lamba. Asibiti na tura shi, ban sayar masa da komai ba.

Ko kayan da suke a rufe ma ba a cika yarda da su ido rufe ba. A Amurka, inda yawancin manyan kamfanonin suke, dokar shekarar 1994 ta ware kayan ƙarin abinci daga magunguna, wato kamfani ba ya buƙatar amincewar hukuma kafin ya fitar da su kasuwa. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya auna irin waɗannan kaya guda 634 da aka sayo daga ƙasashe 13, da tallafin Kwamitin Olamfik na Duniya, aka samu kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran ƙara kuzarin maza, waɗanda ake kira steroid, da ba a rubuta a jikinsu ba. Waɗannan sinadarai suna kumbura tsoka da gaske, amma suna rage maniyyi har su hana haihuwa, suna sa nonon namiji ya fito, suna taɓa hanta da zuciya. Akwai kuma wata dabarar: gwajin furotin na yau da kullum sinadarin naitirojin yake aunawa, saboda haka mai ha'inci yakan zuba abubuwa masu araha da suke da naitirojin da yawa domin adadi ya hau. Wannan ne ya faru a ƙasar Sin a 2008, lokacin da aka zuba melamin a madarar jarirai, yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu.

Lambar hukuma kuwa, Alhaji, tana da amfani idan ta gaskiya ce, amma mai buga jabun gwangwani ba ya jin wahalar buga lamba.

Ɗan kasuwa mai kawo kaya daga Kano:
To Dakta, idan haka ne ta yaya ni kaina zan bambanta mai kyau da jabu? Ni ma saye nake yi wajen wasu, ba ni da ɗakin gwaji.

Mai kantin magani a Birni:
Ba za ka iya tabbatarwa ɗari bisa ɗari ba, amma za ka iya rage haɗari sosai. Ka buɗe murfi ka ga ko takardar da aka manne a bakin gwangwanin tana nan lafiya. Lambar rukuni da kwanan watan lalacewa su kasance injin ne ya buga su a jikin robar, ba wata ƙaramar takarda da aka liƙa a sama ba. Ka nemi tambarin masu gwaji masu zaman kansu, irin su Informed Sport ko NSF Certified for Sport, waɗanda suke wallafa sunayen kayan da suka auna, ta yadda mai waya zai iya dubawa. Sannan ka raba giram ɗin furotin da giram ɗin ludayi: wanda aka rubuta concentrate yakan kai kashi 70 zuwa 80, wanda aka rubuta isolate kusan kashi 90. Idan ka ga bai kai kashi 60 ba, an cika shi da wani abu. A jerin abubuwan da ke ciki, furotin ɗin madara ya zo na farko, jerin ya zama gajere, kuma idan ka ga glisin ko torin, irin abubuwan nan masu araha da ake zubawa domin naitirojin ya hau, a sahun gaba ka yi shakka. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne farashi: kayan da aka yi a Turai, aka biya masa jirgi da mota har Damagaram, ba zai yiwu ya fi araha a nan a kan can ba.

Maganar rarrabawa a leda kuma, ko da niyya mai kyau aka yi ta, an raba garin da takardarsa, kuma ya sha zafi da ƙura a rumfa. Ina roƙonka kada ka shiga wannan.

Ɗalibi daga Sabon Gari:
Na gode, iyayena. Babu wanda ya yi maganar kiriyatin. Abokaina sun kasu biyu a kansa, wasu sun ce shi ne kaɗai yake aiki, wasu sun ce yana kashe ƙoda.

Mai horar da matasa a Zango:
Kiriyatin ba furotin ba ne, kuma ba sinadarin ƙara kuzarin maza ba ne. Jiki da kansa yana yin kusan giram ɗaya a yini, ana kuma samunsa a nama da kifi. Aikinsa shi ne taimaka wa tsoka ta maido da ƙarfinta cikin sauri a lokacin yunƙuri mai tsanani na daƙiƙoƙi kaɗan, ta yadda wanda yake ɗaga ƙarfe sau takwas zai iya kai wa tara ko goma, wannan ƙarin kuma shi ne yake taruwa ya zama tsoka bayan watanni. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ya gano shi a cikin nama tun 1832, ƴan wasa kuma suka rungume shi bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Wanda aka rubuta monohydrate za ka nema, shi ne aka fi gwadawa kuma shi ya fi araha. Giram 3 zuwa 5 a yini ya isa, kowane lokaci aka sha, ba sai an yi abin da wasu suke yi ba na shan giram 20 a satin farko, wanda sau da yawa gudawa yake jawowa. Za ka ga nauyi ya hau da kilo ɗaya ko fiye a makonnin farko, wannan ruwa ne da tsoka ta riƙe. Tunda kuɗinka na guda ɗaya ne, kuma Malama ta nuna maka yadda za ka samu furotin a kasuwa, zan sassauta: gwangwanin giram 300 na kiriyatin zai kai ka wata biyu zuwa uku, kuma abu ne da abincinmu ba ya bayarwa da yawa, tunda ba kullum muke cin nama ba.

Ma'aikacin jinya daga Garin Malam:
Bari in amsa ɓangaren ƙoda. Ga mutum mai lafiya, binciken da aka yi shekaru da dama bai nuna cewa kiriyatin a wannan adadin, ko furotin a adadin da Malama ta ambata, yana lalata ƙoda ba. Abin da yake ruɗa mutane shi ne idan kiriyatin ya gama aiki yana komawa kiriyatinin, wanda shi ne abin da ake aunawa a jini domin duba ƙoda, saboda haka adadin yana iya ɗan hawa ba tare da ciwo ba. Wanda za a yi wa gwaji ya gaya wa likita cewa yana sha. Amma wanda yake da ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko sikila, kada ya fara komai sai ya ga likita, kuma da yawa daga cikin matasa ba su taɓa auna jininsu ba, alhali awon ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda bai kai shekara 18 ba ya tsaya ga abinci.

Abin da na fi gani yana cutar da masu ɗaga ƙarfe a garin nan daban ne. Mutum ya yi atisaye cikin zafi, ya yi gumi sosai, bai sha isasshen ruwa ba, kun kuma san yadda ruwa yake wahala a wasu unguwanninmu, sannan da dare jiki yana ciwo ya haɗiye diklofenak ko ibufurofen daga wajen mai tallar magani, gobe ma haka. Wannan haɗin na ƙarancin ruwa da waɗannan ƙwayoyi shi ne yake taɓa ƙoda. Masu shan taramol domin su jure nauyi kuwa, wannan ya wuce maganar gina jiki. Ka riƙa duba fitsarinka: idan ya yi duhu, ruwa bai isa ba, idan kuma ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani tare da ciwon tsoka da kumburi, a tafi asibiti a ranar.

Malamin makarantar allo a Birni:
Jama'a, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Waɗannan kaya daga ƙasashen da ba na Musulmi ba ake kawo su. Shin babu haram a ciki?

Mai kantin magani a Birni:
Allah ya gafarta malam, tambayar tana kan hanya. Kiriyatin na gari a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai, ba daga dabba ake ciro shi ba. Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda aka zuba a kwanso, domin ana yin kwanson da jelatin, shi kuma jelatin yana iya fitowa daga fatar alade ko ta saniya. Garin whey kuma ya dogara ga abin da aka tsinka madarar da shi, wani daga cikin ɗan maraƙi ake samunsa, wani kuma daga ƙananan halittu da ake rainonsu a masana'anta. Hukuncin wannan naku ne malamai, amma mai saye zai iya neman tambarin halal a jikin gwangwanin. Akwai kuma garin kolajin, wanda daga fata da ƙashi ake yinsa, shi ko ba don wannan ba ma ba ya da amfani sosai wajen gina tsoka, domin furotin ɗinsa ba cikakke ba ne.

Malama mai aikin abinci mai gina jiki:
Tunda na yabi abincin gida, adalci ne in faɗi inda shi ma yake da haɗari. Gyaɗar da ta yi ruma tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta, saboda haka gyaɗa mai ɗaci ko ƙuli-ƙuli mai warin ruma a zubar da su. Fara tana da furotin mai yawa, kilishi ma haka, amma fara a saye ta wajen wanda aka sani, saboda wadda aka tsinta a gonar da aka yi wa feshi. Wanda madara take kumbura masa ciki zai ga garin concentrate ma yana yi masa haka, domin akwai sauran sukarin madara a ciki, alhali nonon da ya kwana ya yi tsami ya fi sauƙi a ciki. Sannan ina roƙon matasa su bar sayen Plumpy'Nut a kasuwa domin ƙiba. Wannan magani ne na yara masu tamowa, kowane ƙunshi mai giram 92 an lissafa shi ne domin wani yaro, furotin ɗin da ke ciki ma bai kai giram 15 ba, mafi yawansa mai ne da sukari.

Sauran ƙananan gwangwanaye, irin wanda aka rubuta BCAA, ɓarnar kuɗi ne ga wanda yake samun isasshen furotin, domin abin da ke cikinsu yana nan a ƙwai da madara da wake. Garin da ake sha kafin atisaye kuma galibinsa kafeyin ne, wani awo ɗaya yana kai miligiram 200 zuwa 300, alhali iyakar da ake ba baligi shawara a yini duka 400 ce, ga shayin fada na zagaye uku a kai. Wanda ya sha shi da la'asar ya sayar da barcinsa na dare.

Wani tela daga Kara-Kara:
Ni nauyina kilo 80, ina ɗaga ƙarfen da muka haɗa da siminti da ƙarfen mota. Idan azumi ya zo yaya zan yi da wannan lissafin, tunda an ce dole a sha furotin cikin rabin awa bayan atisaye?

Malama mai aikin abinci mai gina jiki:
Maganar rabin awa an zuzuta ta, abin da ya fi muhimmanci shi ne jimillar abin da ka ci a yini. Kai kana buƙatar kusan giram 128. Ka raba shi uku: ƙosai ko awara da kunun gyaɗa a buɗa-baki, babban abinci mai wake ko nama bayan tarawihi, sai ƙwai da fura da nono a sahur. Atisayen ka mayar da shi bayan buɗa-baki, ka rage nauyi kaɗan, burinka a watan ya zama riƙe abin da kake da shi.

Mai horar da matasa a Zango:
Malama, a nan kam ba zan sassauta ba. Giram 128 tsakanin magariba da asuba, ga ruwan da dole mutum ya sha ya cika masa ciki, ba kowa ne zai iya da wake ba. Ga mai nauyi irin na telan nan, idan yana da hali kuma ya samu gwangwanin da ya cika sharuɗɗan da Dakta ya lissafa, ludayi ɗaya a cikin furar sahur zai rage masa ƙwai huɗu. Idan bai samu ba, cokali huɗu na madarar gari a cikin furar su ma za su ƙara masa giram 8 zuwa 10, kiriyatin ɗinsa kuma ya sha shi bayan buɗa-baki da ruwa mai yawa.